Ciwon ƙoƙon gwiwa ga mai motsa jiki da ke wuni a kan kujera: daga ina yake tasowa?

Daren Alhamis bayan sallar isha'i, filayen ƙwallo na haya a unguwannin Jidda sukan cika maƙil. Cikin masu buga wasan ba a rasa 'yan uwanmu Hausawa: wannan akawu ne a kamfani, wancan direba, wani kuma aikinsa zaman kwamfuta a ofishin jigilar mahajjata. Ana tashi wajen ƙarfe 12 na dare, kowa ya kama hanyar gida garau. Sai ranar Lahadi an koma dawam, wato bakin aiki, mutum ya yi awa biyu a kujera, ya yunƙura zai tafi alwalar azahar, ya ji gaban gwiwarsa ya riƙe kamar an ɗaure da tsumma. Bai faɗi ba, ba wanda ya taka shi, gwiwar kuma ba ta kumbura ba. In aka ce ya nuna inda ke masa ciwo, ba ya nunawa da ɗan yatsa. Tafin hannu yake kifawa a kan ƙoƙon gwiwar, ya ce, "Duk nan ne, ta can ciki."

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne shawarwarin da suke ji suna karo da juna. Hukumomin Saudiyya na ta kwaɗaitar da jama'a motsa jiki. Shirin ƙasar na 2030 ya sa burin ɗaga yawan masu motsa jiki aƙalla sau ɗaya a mako daga kashi 13 zuwa kashi 40 cikin 100, kuma tun 2022 ake yin gasar gudun fanfalaki a Riyad. Likitan da ke duba mai ciwon sukari ma abin da yake cewa ke nan: a tashi a taka. Amma da zarar gwiwa ta motsa, sai wannan ya ce khushuna ce, wato zaizayar gaɓa, a bar gudu har abada. Wancan ya ce zaman ofis ne ya jawo. Gwaggo a gida ta ce ruwan gwiwar ne ya ƙare, ko sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya shiga ƙashi. Kowane cikinsu ya taɓo wani gefe na maganar, sai dai kafin a auna su, dole a san ita kanta gaɓar.

Ƙashin da ke zaune cikin jijiya

Ƙoƙon gwiwa, wanda a nan Saudiyya ake ce wa sabuna, ɗan ƙashi ne da ke zaune a cikin kakkaurar jijiyar da ta sauko daga tsokar gaban cinya, ta bi ta kansa, ta je ta kama saman ƙashin ƙwauri. A ƙarshen ƙashin cinya akwai wani ɗan kwarmi, a cikinsa ƙoƙon yake zamewa sama da ƙasa duk lokacin da aka lanƙwasa ƙafa ko aka miƙe ta. Aikinsa kamar na dutsen nan ne da ake tokarawa a ƙarƙashin ƙarfe idan za a ɗaga abu mai nauyi: yana ɗage jijiyar daga jikin gaɓa, sai tsokar cinya ta miƙe ƙafa ba tare da ta sha wahala sosai ba.

Ladan wannan aiki shi ne matsi. Gwargwadon yadda gwiwa ta lanƙwashe alhali tana ɗauke da jiki, gwargwadon yadda ƙoƙon ke dannuwa cikin kwarmin. A tafiya kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, matsin bai wuce kusan rabin nauyin mutum ba. A hawa da saukar matakala yakan kai ninki 3 ko fiye. A tsugunno mai zurfi yana iya kaiwa ninki 7. Ke nan mai kilo 80 da ke sauka daga bene yana ɗora wa ƙoƙon gwiwarsa abin da ya kai kilo 240 a kowane taku, kuma in ya ƙara kilo 5 na teɓa, gwiwar kilo 15 take ji a matakala. Shi ya sa guringuntsin da ke shimfiɗe a bayan ƙoƙon ya fi na kowace gaɓa kauri a jikin ɗan Adam.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: guringuntsi ba shi da jijiyoyin jin zafi. Wani likitan ƙashi ɗan Amurka, Scott Dye, ya sa abokin aikinsa ya zura masa na'urar leƙa cikin gwiwa ba tare da an kashe cikin gaɓar da allura ba, ana taɓa wuri-wuri yana faɗin abin da ya ji. A sakamakon da aka wallafa a 1998, da aka taɓa guringuntsin bayan ƙoƙonsa bai ji komai ba, duk da cewa nasa ya riga ya yi laushi. Da aka taɓa tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓar da ɗan kitsen da ke ƙarƙashin ƙoƙon kuwa, zafi ne mai tsanani. Wato ciwon gaban gwiwa yakan fito ne daga naman da ke kewaye, ko daga ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsin.

Suna ɗaya, cututtuka daban-daban

"Gwiwata na ciwo" magana ce mai faɗi, kuma inda ciwon ya tsaya shi ne farkon abin da likita zai tambaya.

Mafi yawan masu irin labarin da aka buɗe da shi suna fama ne da abin da likitoci ke kira ciwon mahaɗar ƙoƙo da ƙashin cinya, wanda ake yi wa laƙabi da gwiwar mai gudu. Ciwo ne a kewayen ƙoƙon ko a bayansa, mai tashi da tsugunno, saukar matakala, gudu, ko dogon zama da ƙafa a lanƙwashe. Ba a gano shi da hoto. Da tambayoyi da gwajin hannu ake gane shi, bayan an tabbatar ba wani abu ne daban ba. Ya yawaita ƙwarai: wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, wanda ya fito a 2018, ya kiyasta cewa kusan kashi 23 cikin 100 na jama'a sukan ji shi a cikin shekara guda. Mata sun fi maza kamuwa da shi, kusan ninki biyu.

In ciwon ya tsaya a wuri ɗaya da za a iya dangwalawa da yatsa, daidai ƙasan ƙoƙon, kuma tsalle ko tsayawa farat ɗaya cikin gudu ne ke tayar da shi, an fi zargin jijiyar da ta haɗa ƙoƙon da ƙwauri. Masu ƙwallon kwando da ƙwallon raga sun san shi, haka masu padel, wani wasa mai kama da tanis da ya cika biranen Saudiyya a 'yan shekarun nan. Wannan yana da wata ɗabi'a mai yaudara: yakan lafa in jiki ya ɗau zafi, ya dawo da ƙarfi washegari. In kuwa wani kumburi ne mai laushi kamar ƙwai a saman ƙoƙon, to 'yar jakar ruwan da ke tsakanin fata da ƙashi ce ta harzuƙa, galibi saboda durƙuso a kan tayil ko siminti. Ciwon da ke gefen waje na gwiwa, mai zuwa bayan an yi 'yan kilomitoci ana gudu, nasa labarin daban ne, na wata doguwar jijiya ce da ta sauko ta gefen cinya.

Sai khushuna. Kalmar nan ta fi kowace tayar da hankali, domin a bakin jama'a tana nufin gwiwa ta cinye ke nan. A asibiti ana amfani da ita ga amosanin gaɓa na gaske, inda guringuntsi ya zaizaye har hoton ƙashi ya nuna, wanda ya fi kama waɗanda suka haura shekara 45 ko 50, da masu ƙiba, da waɗanda suka taɓa jin mummunan rauni a gwiwa. Amma sau da yawa akan faɗa wa ɗan shekara 30 wannan kalma don kawai hoton MRI, mai nuna naman cikin gaɓa, ya nuna ɗan laushi a guringuntsi. Ya fito daga mustausaf, wato ƙaramin asibiti, da takarda a hannu da tsoro a zuci, ya jingine takalmin ƙwallo. Alhali wani nazari na 2019 a kan mutanen da gwiwarsu ba ta ciwo, ba su kuma taɓa jin rauni ba, ya sami tabo a guringuntsin kusan kashi 11 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 40, da kusan kashi 43 na waɗanda suka kai 40 zuwa sama. Hoton yana nuna abin da ke wurin, amma ba lallai ne abin da ya nuna ya zama shi ke ciwo ba. Haka ƙarar ƙas-ƙas da gwiwa ke yi in an tsuguna: in babu zafi ko kumburi tare da ita, ba alamar lalacewa ba ce.

Laifin kujera

Dogon zama yana tayar da wannan ciwo, wannan ba a jayayya a kansa. A wani bincike na 2016 a kan mutum fiye da 450 masu fama da shi, sama da rabi sun ce dogon zama na damun su. Idan gwiwa ta daɗe a lanƙwashe, jijiyar cinya na nan a ɗame, ƙoƙon na danne a wuri guda, ruwan gaɓar da ke ciyar da guringuntsi ba ya zagayawa kamar yadda motsi ke sa shi. Wanda gwiwarsa ke lafiya ba zai ji komai ba. Wanda naman gaɓarsa ya riga ya harzuƙa tun daren Alhamis, shi ne zai fara neman inda zai miƙe ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Kuma zaman ba a ofis kaɗai ya tsaya ba. Biranen Saudiyya birane ne na mota. Mai zaune a Jidda da ke aiki a Makka yana yin kusan awa guda a hanya kowace tafiya, mai Riyad kuma cunkoso ya ishe shi. Direban gida yana wuni ne a bayan sitiyari, ƙafar dama na tsakanin birki da totur. In an dawo gida a ci abinci a ƙasa an tanƙwashe ƙafa, a zauna hira a majalisa. Daga Yuni zuwa Satumba zafin rana ya hana ko da 'yar tafiyar zuwa bakala, wato kantin unguwa, a ƙafa. Idan aka haɗa lissafi, mutumin da ke kiran kansa ɗan wasa yana iya yin awa 11 ko 12 a zaune a kowace ranar aiki.

Babbar illar wannan ba a ranar take bayyana ba. Tsoka da jijiya da ƙashi suna ginuwa ne daidai da aikin da ake ba su, suna kuma ja baya in an daina. Cinyar da ta yi wata da watanni ba ta ɗaukar komai sai daga mota zuwa lif, ƙarfinta ya ragu ko da mai ita bai lura ba. Raunin tsokar gaban cinya na cikin 'yan abubuwan da binciken da ya bi mutane tun kafin su fara ciwo ya nuna suna gabatar ciwon, musamman a tsakanin sababbin sojoji masu shiga horo.

Kwana shida a zaune, dare ɗaya a fili

Nan ne gizo ke saƙa. Shi dai Dye ɗin nan ya kawo wani bayani da likitoci da yawa suka karɓa: kowace gwiwa tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka ta warware kafin gobe. In aiki ya tsaya cikin iyakar, lafiya lau. In ya ɗan haura kaɗan-kaɗan, iyakar ma takan faɗaɗa. In ya yi tsalle ya wuce ta nesa, naman gaɓar ya harzuƙa, sai iyakar ta tsuke, har abin da da ba ya damun mutum, kamar zaman mota ko hawa bene ɗaya, ya koma yana tayar da ciwo.

A duba makon akawun nan. Daga Lahadi zuwa Alhamis gwiwarsa ba ta san komai ba sai kujera. Daren Alhamis ya ba ta minti 90 na gudu da birki da juyi a kan ciyawar roba, ba tare da ya ɗumama jiki ba, domin daga mota ya faɗa fili an riga an raba 'yan wasa. Zuciyarsa da huhunsa na iya jurewa, ƙwarewar ƙafar da ya taso da ita tun yarinta a Fagge ko Tudun Wada tana nan, shi ya sa yake ganin har yanzu shi ne na da. Jijiya kuwa ta fi zuciya da tsoka jinkirin sabawa da aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Da yawa sukan cika lissafin mintocin a dare ɗaya ko biyu, su tsallake ɓangaren ƙarfafa tsoka gaba ɗaya. Ga lafiyar zuciya, wannan ya fi zama babu motsi nesa ba kusa ba. Gwiwa ce ke biyan kuɗin.

Rayuwar nan ƙasar tana da nata lokutan da nauyi ke hauhawa farat ɗaya, kuma mai ciwo yakan manta da su in likita ya tambaye shi ko ya canza wani abu. Umara na ciki: sa'ayi kaɗai ya kai kusan kilomita 3, ga ɗawafi, wanda ke ƙara tsawo in cunkoso ya tura mutum hawa na sama, duk a kan marmara ba takalmi. Wanda ya karɓi baƙi daga gida ya raka su umara sau uku cikin kwana goma ya yi aikin da bai saba ba. Hawan Jabalun Nur zuwa kogon Hira ma haka, kuma saukowar ta fi hawan cin gwiwa, domin tsokar cinya na aikin birki a kowane taku. Ramadan na tattara abubuwa da yawa wuri guda: tarawihi da tahajjud, gasar ƙwallon dare da ake shiryawa a unguwanni, ga ƙarancin barci. Sai kuma farkon sanyi, wajen Nuwamba, lokacin da wanda ya yi wata huɗu a ɗaki ya fito bakin teku ya ce kullum sai ya yi kilomita 8. Sabon takalmi, komawa gudu a kan gangara, ko ƙarin nauyi a wurin ɗaga ƙarfe, duk suna cikin lissafi. Ciwon yakan ɓullo ne bayan kwanaki ko makonni, shi ya sa ba a cika haɗa shi da sababinsa ba.

Inda masana suka rabu

Tsohon bayani, wanda har yanzu ake ji a asibitoci, ya ɗora laifin a kan tsarin ƙafa: ƙoƙon ba ya bin tsakiyar kwarminsa, yana karkata waje, saboda faɗin ƙugu, ko gwiwoyi masu haɗewa ciki, ko shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, domin akwai mutanen da ƙoƙonsu ke gocewa da gaske, kuma ɗaure ƙoƙon da filasta ko sa shimfiɗa ta musamman a takalmi na rage wa wasu zafi cikin 'yan makonni. Rauninsa shi ne, da aka auna kusurwar cinya da gwiwa ta mutane masu lafiya aka bi su, awon bai nuna wanda zai kamu da wanda ba zai kamu ba. Kuma wanda aka haifa da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ya yi shekara 35 da shi lafiya, dole a tambayi abin da ya canza a bana.

Bayani na biyu ya koma kan ƙugu. Tsokokin ɗuwawu ne ke hana cinya juyawa ciki idan mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya, to in sun yi rauni sai gwiwa ta faɗa ciki a kowane taku. An auna masu ciwon an ga lallai ƙugunsu ya fi rauni. Amma binciken da ya fara auna mutane tun suna lafiya bai nuna raunin ƙugu na riga ciwon zuwa ba, abin da ya sa wasu ke ganin ciwon ne ke jawo raunin, domin mai jin zafi yakan rage amfani da ƙafar. Abin lura, wannan saɓani bai shafi magani ba: ko raunin ne sababi ko sakamako, atisayen da ya haɗa ƙugu da cinya ya fi na cinya kaɗai amfani, kuma a kan haka taron masana wannan ciwo na duniya ya tsaya a bayanansa na 2016 da 2018.

Na uku shi ne bayanin nauyi da iyaka da aka kawo a sama, kuma shi ya fi dacewa da mai aikin zama. Bai kore sauran biyun ba. Tsarin ƙafa da ƙarfin tsoka su ke yanke faɗin iyakar kowane mutum, yadda ya tsara makonsa kuma shi ke yanke ko zai haura ta.

Ita kuwa maganar cewa gudu na cinye gwiwa, alƙaluma ba su goyi bayanta ba. Nazarin da aka wallafa a 2017 ya sami amosanin gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun motsa jiki, kashi 10.2 na marasa gudu, da kashi 13.3 na masu gudun gasa na shekara da shekaru. Irin wannan nazari ba ya tabbatar da cewa gudun ne ya kare su, tunda mai ciwon gwiwa yakan bar gudu da kansa, amma ya isa ya nuna matsakaicin gudu ba shi ne abokin gaba ba.

Sallah, mukayyif da ruwan gwiwa

Tambayar da ake yi da ƙaramar murya ita ce ta sallah. Ruku'u ba ya lanƙwasa gwiwa. Inda matsi yake shi ne gangarawa zuwa sujada da tasowa daga ita, sai zaman tahiya inda gwiwa ke naɗewa gaba ɗaya. Ga gwiwar da ta saba tun ƙuruciya, wannan motsi ne da ke riƙe mata laushinta. Ga wadda ta harzuƙa, yana iya tayar da zafi na ɗan lokaci, kamar yadda matakala ke yi. Dafa ƙasa da hannu wajen sauka da tashi, da shimfiɗa mai kauri a kan tayil, suna rage nauyin. In abin ya tsananta, sauƙin da shari'a ta yi wa mara lafiya na yin sallah a zaune sananne ne, kuma ga irin wannan ciwo galibi na 'yan makonni ne, ba hawa kujera na dindindin ba.

Sanyin mukayyif yana iya sa gaɓa ta ji ta sandare, musamman in iskar na bugun ƙafa kai tsaye, amma ba ya zaizaye guringuntsi. Wanda ya wuni a ofis mai sanyi ya wuni a zaune ne kuma, to sai a ɗora wa sanyi laifin kujera. Ruwan gwiwa kuwa ba ya ƙarewa kamar man mota. Tantanin gaɓa ne ke samar da shi kullum, kuma gwiwar da ta kamu da cuta ruwan yawa yake yi mata har ta kumbura. Farfesun ƙafar sa da miyar kuɓewa abinci ne masu daɗi, amma yauƙinsu ba ya gangarawa gwiwa. Ƙarancin sinadarin bitamin D ya yawaita a Saudiyya duk da ranar da ake da ita, saboda kowa gudun ta yake yi, kuma yana iya kawo ciwon ƙashi da kasalar tsoka a jiki baki ɗaya. Gwajin jini ne ke nuna shi, kuma gyara shi ba ya ɗauke buƙatar ƙarfafa cinya.

Alamomin da ba a jira da su

Akwai ciwon gwiwar da ba na atisaye a gida ba ne. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi jau tare da zazzaɓi tana buƙatar asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta a cikin gaɓa na lalata ta cikin kwanaki. Haka wanda ya ji ƙara a fili gwiwar ta cika cikin 'yan awoyi, ko ya kasa ɗaga ƙafarsa a miƙe, ko gwiwar ke maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko take zubar da shi. Kumburin sharaɓa da zafi bayan doguwar tafiya a jirgi ko mota na iya zama gudan jini. Mai sikila kada ya ɗauki ciwon gwiwa da wasa, domin lalacewar kan ƙashin ƙugu na iya aiko da zafi gwiwa, haka ma yaro matashi mai ɗingishi, ƙugunsa ake fara dubawa. Wanda ke shan ɗanyen nonon raƙumi ko na awaki, ya kuma sami zazzaɓi mai zuwa yana tafiya da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, ya faɗa wa likita maganar nonon, saboda cutar da ake kira humma malɗiyya tana nan a ƙasar. Ana iya kiran layin Ma'aikatar Lafiya, 937, don neman shawara.

Abin da zai ci wa mutum, a aljihu da a jiki

Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yana da inshorar lafiya da doka ta wajabta wa mai aikinsa, sai dai zaman gashin ƙashi, wato ilaj ɗabi'i, yakan jira amincewar kamfanin inshora, kuma akan ƙayyade adadinsa. Wanda ba shi da inshora daga aljihunsa zai biya, shi ya sa da yawa suke tsayawa a saidaliyya, wato kantin magani. Brufen da Voltaren na kwantar da zafi na 'yan kwanaki, amma haɗiyarsu kullum don a samu a buga wasa, a ƙasar da ake zufa haka, ko a kan cikin mai azumi, hatsari ne ga ƙoda da tumbi, balle ga mai hawan jini ko sukari. Man shafawa ya fi sauƙin illa. Ƙaho da tausa na iya sa mutum ya ji sakayau, sai dai ba sa ƙara wa cinya ƙarfi. Allurar cikin gwiwa da ake tallatawa da tsada ba ta da ƙwaƙƙwarar hujja a kan wannan nau'in ciwo. Tiyatar da ake yi da na'urar leƙa cikin gwiwa ma an gwada ta a Finland: a sakamakon 2007, waɗanda aka yi wa tiyata suka kuma yi atisaye ba su fi waɗanda suka yi atisaye kaɗai samun sauƙi ba.

Hutu gaba ɗaya shi ma yana da tsadarsa. Zafin zai lafa, amma cinya ta ƙara rauni, nauyi ya ƙaru, sukari ya hau, ranar da aka koma fili kuma ciwon na nan yana jira. Abin da likitocin gashin ƙashi suka fi bi shi ne a rage, ba a daina ba. Mai wasan minti 90 ya koma 30, ko ya yi 'yan makonni yana iyo ko tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri. Mai gudu ya gajarta takunsa ya ƙara yawansu, wanda aka auna aka ga yana rage matsin ƙoƙo. Sau biyu ko uku a mako a yi atisayen cinya da ƙugu, kuma ba sai an biya kuɗin kulob ba: tashi daga kujera ba dafawa, jingina da bango a ɗan tsuguna sama-sama, hawa da sauka a mataki ɗaya a hankali, ɗaga ƙugu daga kwance, ɗaga ƙafa ta gefe. Ma'aunin da ake amfani da shi mai sauƙi ne: ɗan zafi kaɗan lokacin atisaye ba laifi, muddin ya koma yadda yake kafin washegari. In ya kwana ya ƙaru, an wuce iyaka, sai a ja baya kaɗan. A ofis kuma a ɗaga kujera yadda gwiwa ba za ta naɗe sosai ba, a bar cusa ƙafa ƙarƙashin kujera, a miƙe duk bayan rabin awa ko da zuwa ɗebo ruwa ne. Direba ya ɗan ja kujerarsa baya, ya fito ya taka in yana jiran yara a ƙofar makaranta.

Sauƙi na gaske yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, kuma ciwon yana da naci. A wani bincike da ya bi masu shi tsawon shekara 5 zuwa 8, fiye da rabi sun ce ba su warke sarai ba, kodayake kusan dukkansu hoton ƙashi bai nuna amosanin gaɓa ba. Waɗanda suka fi daɗewa da ciwon kafin su fara magani su ne suka fi shan wahalar rabuwa da shi. Wanda ya cika wata uku yana atisaye yadda ya kamata bai ga canji ba, ya koma wurin likitan ƙashi a sake duba shi daga ƙugu har tafin ƙafa, ya kuma tafi da lissafin abin da ya yi da ƙafafunsa a makonni shida kafin ranar da ciwon ya fara.